Samurai Bakwai a Cadakori

A garinmu Cadakori, in saurayi yana neman fim ɗin faɗa mai kyau, sai abokansa su ce masa, "Tafi wajen Mushe." To, ni ne Mushen. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koya wa manya karatu da rubutu a ƙauyukan ƙasar Gidan Rumji, amma yaran yanzu ba da wannan suka san ni ba. Da wani tsohon kaye suka san ni, watau littafin rubutu irin na ƴan lakwal, wanda na soma cikawa tun 1978. Duk fim ɗin da na gani sai na rubuta sunansa a ciki, da ƙasar da aka yi shi, da labarinsa a taƙaice. Sa'an nan in zana masa takobi a gefe. Mai faɗa kaɗan takobi ɗaya, mai faɗa da yawa biyu, wanda jini ya kwarara a cikinsa kamar ruwan Agusta kuwa uku. In mutum ya zo neman shawara, mai takobi uku nake fara ba shi. Haka na yi ta yi shekara da shekaru, har ran da wani baƙo ya zauna a tsakar gidana ya nuna mini kuskurena. Labarin da nake so in ba ku ke nan, amma bari in ɗauko shi daga tushe.

A 1978 ubana ya kai ni Maraɗi wajen kawuna don in ci gaba da lakwal. A can na fara shiga silima. Gidan silimar ba shi da rufi, katanga ce kawai da bencina, in aka yi ruwa kowa ya jiƙe. Fina-finan da ake kawowa galibi iri uku ne: na Indiya mai waƙa da kuka, na kaboyi mai doki da bindiga, da na Cana mai karate. Mu yara na Cana muke so, gwaninmu kuwa Burus Li. Ya rasu tun watan Yuli na 1973 a Hon Kon, amma ba wanda ya isa ya gaya mana haka, tun da ga shi muna ganinsa a majigi yana dukan mutane. In an tashi daga kallo, tun daga bakin ƙofa har gida sai harbin iska da ƙafa da ihu kamar kyanwa. Har yau akwai tabo a ƙaurina, na wata katangar kawuna da na ce sai na fasa ta.

A lokacin nan duk mutumin gabashin duniya ɗan Cana ne a wurinmu. Ba mu san Japan ƙasa ce dabam ba, mai harshenta da sarautarta. Abin da muka sani kurum shi ne Japanawa su ne miyagu a wani fim ɗin Burus Li na 1972, wanda Faransawa suka sa wa suna La Fureur de vaincre. Da kaset ɗin bidiyo ya shigo, sai aka buɗe gidajen kallo a unguwannin Maraɗi, daga baya har ƙauyuka. A kewaye fili da zana, a ɗora talabijin a kan tebur, a tada ɗan injin wuta, kowa ya biya dala biyar ya shiga. A nan muka ga ninja, masu baƙaƙen kaya da rufaffiyar fuska. Babbansu Sho Kosugi Bajapane ne, amma fina-finan da ya yi suna da su, na 1981 da na 1983, wani kamfanin Amurka ne ya yi su. Watau har lokacin ba mu ga ainihin fim ɗin Japan ba.

Sai wajen 1992 wani abokina malamin lakwal, wanda ya yi karatu a Yamai, ya zo da kaset uku na Japan. Da aka sa na farko, jama'a suka yi ta gunaguni. Baƙi da fari ne, ba a soma faɗa da wuri ba, magana da Japananci, fassara kuwa rubuce da Faransanci a ƙasan hoto. Don kada a watse, na ja kujera kusa da talabijin ina karanta rubutun ina mayarwa da Hausa. Tun daga ranar na zama tafintan gidan kallo, na kuma shiga neman fina-finan Japan ido rufe. Duk ɗan kasuwar da za shi Kano ko Yamai sai na ba shi takarda da sunaye.

Bari in buɗe muku kayen, ku ga kaɗan daga abin da ke ciki. Amma tukuna ku san kalma biyu. Samurai su ne mayaƙan sarakunan Japan na da, kamar baraden fada a wurinmu. Wanda ubangidansa ya mutu ko aka tuɓe shi, ya rasa mai ciyar da shi, shi ake kira ronin. Galibin fina-finan nan labarin ronin ne, mutum mai takobi da yunwa.

Na farko Yojimbo, na 1961, wanda Akira Kurosawa ya shirya, Toshiro Mifune ya fito a ciki. Wani ronin ya shiga wani gari da ƙungiyoyin ƴan daba biyu suka raba. Abin da ya fara tarbarsa kare ne ɗauke da hannun mutum a baki. A garin duka, mai sassaƙa akwatin gawa ne yake ciniki. Ronin ɗin ya yi ta haɗa su gaba har suka cinye juna. A 1964 wani Ba'italiye, Sergio Leone, ya ɗauki labarin nan ya mayar da shi na kaboyi, da Clint Eastwood. Ashe kaboyin da muke tafa wa a Maraɗi, a Japan ya ari rigarsa.

Na biyu Sanjuro, na 1962, shi ma Kurosawa da Mifune. A ƙarshensa mayaƙa biyu suka tsaya gaba da gaba, shiru, ba mai motsi, har ka ce kaset ne ya sarƙe. Sai sara ɗaya, jini ya yi tsiri kamar famfo ya fashe. Samarin da ke tsaye wurin suka soma yabon gwani, shi kuwa ya daka musu tsawa, ya tafi ransa a ɓace. Ni a lokacin jinin kurum na riƙe, tsawar ban kula da ita ba. Na zana masa takobi uku.

Sai Zatoichi, makaho mai yawon yi wa mutane tausa, mai son caca, wanda ya ɓoye takobi a cikin sandarsa. Shintaro Katsu ya fito a matsayinsa cikin fim 26, daga 1962 zuwa 1989, Takeshi Kitano kuma ya sake yin wani a 2003. Mutanenmu suna son Zatoichi ƙwarai, domin duk wanda aka taɓa rainawa yana ganin kansa a cikinsa.

Akwai kuma wanda muke kira Mai Keken Yaro, Faransawa suna ce masa Baby Cart. Fim 6 ne, daga 1972 zuwa 1974, kuma Tomisaburo Wakayama, wan Shintaro Katsu, shi ya fito a ciki. Haunin sarki ne aka ƙulla wa sharri, aka kashe matarsa. Ya sa ɗan jaririnsa a keken katako mai ɓoyayyun makamai, ya shiga duniya yana kisa don a biya shi. A nan hannu da ƙafa da kai tashi suke yi sama. Wannan takobi uku na ba shi, har na ja layi a ƙarƙashi.

Ga Harakiri, na 1962, wanda Masaki Kobayashi ya shirya, Tatsuya Nakadai ya fito a ciki. Wani saurayi ronin ya sayar da takobinsa don matarsa da ɗansa ba su da lafiya, ya sa na gora a cikin kube don kada a gane. Ya je gidan wani basarake ya ce a ba shi wuri ya kashe kansa, yana fatan a ji tausayinsa a ba shi ɗan wani abu. Fadawan gidan suka tilasta masa ya farke cikinsa da takobin gorar nan. Bayan ƴan watanni surukinsa ya zo gidan, ya zauna a tsakar fada ya ba su labarin yaron daga farko har ƙarshe. Da na fara ganinsa na ce surutu ya yi yawa, na ba shi takobi ɗaya.

Cikin na baya-bayan nan akwai Battle Royale, na shekara ta 2000, wanda Kinji Fukasaku ya shirya. An kwashi ƴan aji ɗaya, yara 42, aka kai su wani tsibiri, aka ba su makamai da kwana uku, aka ce su kashe juna sai ɗaya ya rage. A Japan ɗin kanta an hana ƴan ƙasa da shekara 15 kallonsa, har ƴan majalisa suka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa. Sai wani na Takashi Miike na 2001, Ichi mai kisa. Wannan ban iya kai shi ƙarshe ba saboda azabtar da mutane da ake yi a ciki. Amma duk da haka na rubuta sunansa, na zana masa takobi uku, na kuma faɗa wa samari da suka tambaya.

Da wayar salula ta zo, kaset da faifai suka mutu, gidajen kallo suka koma na ƙwallo. Yanzu wajen mai caji ake zuwa, a ba shi ɗan canji ya tura maka fim a memori. Samari sukan zo su kwafi sunaye daga kayena, su kai wa mai caji, shi kuma in ya shiga Maraɗi ya nemo. Ni ina jin daɗi, ina ganin ilmina yana yaɗuwa. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a gidan kallo ina zaune, ina ganin wanda ya shigo, in yaro ne ƙarami a kore shi. Memori kuwa ba shi da mai tsaron ƙofa. Daga wayar wa sai ta ƙane, daga nan sai ta maƙwabci.

A 2018 abin ya zo har gidana. Jikana, yana da shekara 11, ya ga Mai Keken Yaro a wayar wansa. Ya sami langa-langa ya wasa a dutse, ya ce shi hauni ne. Suna wasa ya kai wa ɗan maƙwabcinmu sara, ya tsaga masa gira, saura kaɗan ido. Uwar yaron ta shigo ba sallama, riƙe da shi, jini har riga. Na kai shi likita aka yi masa ɗinki, na biya kuɗin magani, na zane jikan nawa. Amma ban ga laifina ba. Na ce mu ma mun yi ƙuruciya, ga tabona nan shaida. Har na ba maƙwabcin labarin fim ɗin da ɗan ƙasarmu Mustafa Alasan ya yi a 1966, Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawakai suka fitini gari. Na ce ka ga, tun kafin a haifi iyayensu ake wannan. Maƙwabcin bai ce mini kome ba, ya dube ni kurum ya shige gida.

A 2019 faɗa na gaskiya ya matso kusa da mu. Ƴan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubban mutane suka tsallako iyaka suka shigo jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yara. Da yawa daga ƙasar Sabon Birni suka fito, watau Gobirawa ƴan'uwanmu, harshenmu ɗaya, zanenmu ɗaya. Da farko a garuruwan bakin iyaka suka sauka. Daga baya gwamnati da hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda muke kira HCR, suka matso da su nesa da iyaka, zuwa Ɗan Daji Makau da Garin Kaka, sa'an nan nan Cadakori a 2020. Muka haɗu da su a masallaci da kasuwa da bakin famfo. A cikinsu na saba da wani dattijo, ya girme ni da shekara goma ko fiye. Yakan zo mu sha shayi, ba ya yawan magana, ni kuma ban taɓa tambayarsa abin da ya baro ba.

Da kakar 2021, bayan an gama ɗaurin hatsi, samarin wata fada ta unguwarmu suka ce in nuna musu fim ɗin da ya fi kowane a kayena. Na ce su zo bayan isha'i, za su ga faɗan da ba su taɓa gani ba. Na fito da talabijin tsakar gida, na jona da batirin sola, na sa musu Samurai Bakwai, wanda Kurosawa ya yi a 1954. Tsawonsa awa 3 da minti 27. Shi ne Amurkawa suka mayar na kaboyi a 1960, wanda muka sani da Les Sept Mercenaires. Ana cikin shimfiɗa tabarmi sai ga dattijon ya yi sallama. Na ce, "Baba, bismilla, ga wuri." Wallahi ban yi tunanin kome ba.

Ga yadda labarin yake. Shekaru ɗari huɗu da suka wuce, wasu ɓarayi a kan dawakai suka tsaya bisa tudu suna duban wani ƙauye. Suka ce a bar shi tukuna, sai sha'ir ya nuna a dawo. Wani manomi da ya ɓuya a ciyawa ya ji su. Mutanen ƙauyen suka taru suna kuka, tsohon gari ya ce a je a nemo samurai masu jin yunwa, tun da ba kuɗin biya. Suka samo bakwai. Manoman suna dafa musu shinkafa, su kuwa suna cin gero. Da na fassara wannan wuri samari suka fashe da dariya, suka ce ashe a Japan gero abincin wahala ne. Dattijon bai yi dariya ba.

Can wajen tsakiya, samurai suka kai hari maɓoyar ɓarayin, suka cinna mata wuta. Wata mace ta fito daga ciki. Matar ɗaya daga cikin manoman ce, wadda ɓarayin suka tafi da ita tun da daɗewa. Da ta ga mijinta, sai ta juya ta koma cikin wutar. Ina cikin bayani na ga dattijon ya miƙe ya fita. Na ɗauka alwala za shi. Ya daɗe a waje, sa'an nan ya dawo ya zauna can baya, a cikin duhu.

Yaƙin ƙarshe cikin ruwan sama da taɓo aka yi shi. Ɓarayi 40 ne, shugaban samurai yana soke su ɗaya bayan ɗaya a takarda, har suka ƙare. Samari suka yi ta tafi da sowa. Da aka gama, wani a cikinsu, ɗan shekara ashirin da wani abu, ya miƙe ya ce, "Mushe, ka ga maza! Mu ma abin da ya kamata mu yi ke nan. Mu haɗa kai, mu nemi makami, duk wanda munka gani ba mu yarda da shi ba mu gama da shi." Sauran suka ce haka ne. Ni kuwa na rasa ta cewa, domin ni na tara su.

Sai muryar dattijon ta fito daga baya. Ya ce, "Ɗana, zamna in tambaye ka. Bindiga nawa ɓarayin ga suke da ita?" Yaron ya ce bai ƙirga ba. Dattijon ya ce, "Ni na ƙirga. Uku. Cikin bakwai ɗin nan nawa sunka mutu?" Aka ce huɗu. Ya ce, "Da mi anka kashe su?" Aka yi shiru. Ni kaina sai da na yi tunani, na tuna lalle duk huɗun harbinsu aka yi, ba wanda takobi ya kayar. Na ga fim ɗin nan ya fi sau goma, ban taɓa lura ba.

Ya ci gaba, a hankali, ba ɗaga murya. "Waɗanda sunka kore mu, uku-uku suke bisa babur, kowa da tasa bindiga. Mu ma an aiko muna cewa sai mun biya kahin mu yanke hatsinmu, kamar yadda kunka gani. Mu ma samarinmu sun tashi, sun ce sa-kai za su yi. Ranar kasuwa sunka kama wani yaro makiyayi, bai yi masu kome ba, kamarsa kawai ta yi masu kama da ta ɓarayi. Sunka kashe shi, sunka dawo gari ana yi masu guɗa. Kwana tara tsakani anka zo muna da dare. Ɗana na cikin waɗanda munka rufe da safe. Matarsa kuwa da ita sunka tahi." Ya yi shiru, sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ka ce masu su zo su ga faɗa. Ni biso na gani. Wanda ya shirya wanga abu ya san yadda take, ku duba kushewun da ya nuna maku a ƙarshe."

Gaskiyarsa. Fim ɗin ba a kan tafi ya ƙare ba. Ya ƙare da manoma suna dashen shinkafa suna waƙa, samurai uku da suka rage suna tsaye gaban tudun kaburbura, huɗu a sama da takubba a soke, na manoma a jere a ƙasa. Shugabansu ya ce su dai ba su ci kome ba, manoma ne suka ci. Samarin suka naɗe tabarmi suka fita ɗaya-ɗaya. Na raka dattijon har bakin hanya, na ce, "Baba, ka gafarce ni, ban sani ba." Ya ce, "Ba kome, Malam. Ai ba ka tambaya ba."

A daren nan ban yi barci ba. Na ɗauko kayen ina bi shafi-shafi da cocila. Na ga shekara arba'in ina auna fim da mudun jini, ban taɓa tambayar ko jinin wane ne ba. Cikin makonnin da suka biyo na sake kallon waɗanda nake da su, na kuma sa wani tsohon ɗalibina ya binciko mini tarihin masu shirya su. Ashe Kobayashi, mai Harakiri, an ɗauke shi soja tilas a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙi yarda a ƙara masa girma, daga baya ya yi zaman fursunan yaƙi. Fukasaku yana da shekara 15 a 1945 aka sa ajinsu aiki a masana'antar makamai, aka yi musu ruwan wuta, waɗanda suka tsira suka kwashe gawawwakin abokansu. Kurosawa kuwa yana da shekara 13 aka yi girgizar ƙasar 1923 a Tokiyo, wansa ya ja shi suka zaga cikin gawawwaki, ya hana shi kau da kai. Mutanen nan sun ga mutuwa da idonsu. Ni ne na ɗauki aikinsu na mayar da shi abin tafi.

Kada wani ya ce Mushe ya ce fim ne ya kawo ƴan bindiga. Ban faɗa ba. Wannan masifa tana da nata tushe: rigimar gona da burtali, satar shanu, talauci, rashin adalci, da makamai da suka yi yawa a hannun mutane. Waɗanda suka ƙone garin dattijon nan ba Kurosawa ya aike su ba. Abin da na gane dai shi ne fina-finan faɗa iri biyu ne. Akwai wanda in an kashe mutum yakan tsaya a kan gawar, ya nuna maka uwarsa ko matarsa, ya nuna maka wanda ya yi kisan ya kasa barci. Akwai kuma wanda mutane suke zuba a cikinsa kamar karan dawa, ba mai suna, ba mai dangi, a wuce zuwa na gaba. Na farko yakan sa saurayi ya yi tunani. Na biyu yakan koya masa cewa ran wani ba kome ba ne. Kuma ko na farkon, in ba a zauna da yaro an nuna masa ba, jinin kurum zai gani, kamar yadda na yi da Sanjuro.

Saboda haka na sake tsarin kayena. Takubban suna nan, ban goge ba, don su riƙa tuna mini. Amma yanzu akwai sabon layi, inda nake rubuta wanda ya dace ya kalla. Harakiri, da na raina, shi na sa a gaba, na manya ne, musamman masu riƙe da jama'a, su ga yadda babban gida yake taka talaka sa'an nan ya gyara labarin a littafinsa. Samurai Bakwai na kowa ne daga saurayi zuwa sama, amma a kalle shi tare, a kai har kaburbura, a yi magana bayansa. Yojimbo da Sanjuro da Zatoichi na samarin da suka mallaki hankalinsu ne. Mai Keken Yaro da Battle Royale ba na ba wanda yake da ƙanne masu taɓa wayarsa. Ichi kuwa na daina faɗin sunansa ga masu zuwa neman shawara, a nan ma na ambace shi ne don iyaye su gane shi in sun gan shi a waya.

In saurayi ya zo yanzu, sai na yi masa tambaya uku. Shekarunka nawa? Wa yake taɓa wayarka in ka ajiye? A gidanku ko maƙwabtanku akwai wanda ya ga irin wannan da idonsa? Waɗansu sukan yi fushi su ce Mushe ya tsufa, su tafi wajen mai caji kai tsaye. Ba ni da ikon hana su. Amma ina roƙon masu caji da masu tura fim, na nan da na Tibiri da Gidan Rumji da Agye da Gazawa, ku dubi fuskar wanda ya miƙo muku memori kafin ku cika masa. Ku iyaye kuma, wanda ya iya karatu ya karanta sunayen da ke cikin wayar ɗansa, wanda bai iya ba ya ce a kunna masa ya gani. Na je na sami maƙwabcina na ba shi haƙuri a kan girar ɗansa, bayan shekara uku. Ya ce ya daɗe da yafewa, jira yake in gane.

Da damina ta kama, wani mutumin kirki ya ara wa dattijon ƴar gona ya shuka hatsi da wake. Wata rana da la'asar ya biyo daga gona, hauya a kafaɗa, ya ce, "Malam, sa mini wurin nan na ƙarshe, inda suke dashe. Faɗan ba ni so." Na nemo wurin na sa masa. Ya zauna yana kallon matan suna dasa shinkafa cikin ruwa, maza suna kaɗa musu ganga. Ya ce in mayar, na mayar har sau uku. Sa'an nan ya tambaye ni ko su ma Japanawan suna yin gayya kamar mu. Na ce ga alama suna yi. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki hauyarsa, ya ce bari ya je kada magariba ta riske shi a hanya.

Allah ya mayar da su gidajensu lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu biyu, ya shirya mana zuriya. Amin.